Malam Auwalu da fayil ɗin masu ba da jini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ƙaninsa ya kira ni: Malam Auwalu ya cika.

Jiya da la'asar wata motar hatsi ta buge shi a kan babur, yana dawowa daga Dawanau.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin kwamfuta ne a wata sakandare kusa da Dawakin Tofa. Shi ya haɗa ƙungiyarmu ta masu ba da jini, bayan matar maƙwabcinsa ta rasu wajen haihuwa ana neman jini ba a samu ba.

Sunayenmu duk suna cikin fayil ɗaya a tsohuwar laptop ɗinsa. Kowane layi mutum guda: suna, rukunin jini, ƙauye, lambar waya. Da ya ba ni kwafi, sai in riƙa bin layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya zaunar da ni a zaurensa, ya buɗe baƙin allon nan na terminal, inda ake ba kwamfuta umarni a rubuce, ya rubuta umarnin sort -k2, ya danna. Nan take masu jini iri ɗaya suka jeru wuri guda.

Ya ce, "Sadisu, wanda jininsa ke zuba ba zai jira ka gama karatu ba."

Jiya da aka kira ni daga asibiti, umarnin nan na buga. Jininsa mai wuyar samu ne. 'Yan layuka ne suka fito a rukuninsa, kuma sunansa ne a sama.

Na tsallake shi na kira na ƙasa. Wani ya bar girbin gero ya taho, ko wanke ƙafa bai yi ba. Sun bayar. Allah bai nufa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'a ce, bayan masallaci. Ya saya min rake, yana ƙorafin batirin laptop ɗin ya daina riƙe caji. Ya ce bayan kaka zai canza.

Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana, ga mahaifiyarsa, Inna, da ba ta gani sosai. Har yanzu tana tambayar wa ya shigo.

Allah Ya gafarta maka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya raya abin da ka bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.