Karatun La'asar a Gidan Goggo

Shekarun baya, lokacin da garin nan ya shiga halin tsoro, ina aikin jinya a wani asibiti. Ba zan faɗi abin da idona ya gani a ɗakin gaggawa ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, gari ya lafa amma ni ban lafa ba. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai na zabura, hannuna kuwa har rawa yake idan zan yi allura. Da abin ya yi yawa aka ba ni hutu, mahaifiyata ta ce in tattara in koma unguwar Kabara wajen goggona, yayar mahaifina, ko Allah zai sa in samu natsuwa.

Goggo tsohuwa ce mai son labari, ga shi idonta ya yi rauni. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya bar mata akwatin ƙarfe cike da littattafai, duk takardunsu sun yi ja. Ina isa ta sa na jawo shi daga ƙarƙashin gado.

"Tunda kin zo, sai ki ara mini idonki," in ji ta.

Ni kuwa a lokacin gani nake littafin labari aikin marasa aikin yi ne. Na ɗauko ɗaya na fara zuba mata shi a guje. Ta ɗaga hannu. "Ke 'yar nan, karatu kike ko kiran marasa lafiya a layi? Bi a hankali, ba korar mu ake ba."

Haka muka mayar da shi al'ada. Bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gindin wani tsohon lalle da ya yi fure. Rana ta sauko ta kwanta a kan katangar ƙasa, ta mayar da ita kamar zuma. Tantabarun unguwa su yi ta kewaya sama, daga nesa ana jiyo daka. Ina karantawa, ƙamshin furen yana zuwa yana tafiya, har in rasa ko a Kabara nake ko a cikin labarin. Wani lokaci in ɗago in ga Goggo ta lumshe ido, in yi shiru, sai ta ce, "Ina jin ki. Kallo nake."

Bayan katangar nan akwai maƙwabciyarmu, wata Hajiya. Ɗanta ya fita kasuwa ranar da tashin hankalin nan ya auku a gari, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Tun daga nan ta daina shiga mutane. Gaisuwa ma da ka take amsawa.

Muna cikin wani littafi ne na wani saurayi da ya bi fatake, ya ɓace a hamada, yana ta neman hanyar gida. Wata rana, daidai inda ya hango dabinai daga nesa bai san ko gari ne ko idonsa ne ke yaudararsa ba, aka kira magariba. Na rufe littafin. Sai muka ji murya ta bayan katanga, a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"To, ya isa gida kuwa?"

Ban san ƙarshen labarin ba, Goggo kuma ta ce ta manta. Ta juya wajen katangar ta ce, "Hajiya, shigo gobe mu ji tare."

Ta shigo. Ta zauna a bakin tabarma, ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Ina buɗe shafi ina addu'a a zuci, don na ga masu labari ba su da tausayi wani lokaci. Ashe gari ne. Saurayin ya iso da yamma, ya yi sallama a zaure, uwarsa tana tankaɗe ta gane muryarsa, rariya ta suɓuce daga hannunta.

Na ajiye littafin. Hajiya ta yi kuka mai tsawo, ba wanda ya hana ta. Da ta share fuska sai ta ce, "Alhamdulillahi. Ko na wata ya dawo."

Washegari ta zo mana da ƙosai, ta kuma zaɓi littafin da za a fara.

Na koma aiki bayan wani lokaci, hannuna ya tsaya. Ba zan ce littafi ne ya warkar da ni ba, don na sha magani, an kuma yi mini addu'a. Amma a tabarmar nan na ga matar da aka raba da ɗanta tana taya wata uwa murna, uwar da ma a takarda kawai take. Tun daga ranar na daina yarda cewa duniya ta gama lalacewa.

Goggo ta rasu, akwatin yana ɗakina. Idan aiki ya yi sauƙi, na ga mara lafiyar da ba mai zuwa dubiya, nakan tambaye shi ko yana son labari. Wasu su dube ni kamar ba ni da hankali. Wasu kuma su gyara kwanciya.