Malam Sambo, Wanda Ya Ce Bai San Lokaci Ba

A daminar bana shekara ashirin da biyu ke nan da muka rufe Malam Sambo a Katuru, garinsu da ke ƙasar Shinkafi. Shi ne malamin fiziks a makarantar sakandaren da na koyar da Larabci a Ƙaura Namoda. Ban taɓa yin abokin da na yi gardama da shi kamarsa ba, kuma ban tuna ranar da muka rabu da fushi ba.

Mun haɗu a shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, lokacin da aka ce kowane ma'aikaci ya koma jiharsa. Ni ɗan Zurmi ne, gidanmu gidan malamai. Shi kuwa ɗan makiyaya ne, sai da ya bi shanu kafin ya shiga aji. Aka ba mu ɗakuna masu kallon juna a gidajen malamai. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, in ransa ya yi daɗi Fillanci ya riƙa faɗowa cikin Hausarsa.

Abin da ya dame shi a duniya shi ne lokaci. Duk sababbin ɗaliban da aka kawo masa, sai ya kwance agogon hannunsa ya ɗaga, ya tambaye su me yake aunawa. Su ce lokaci. Ya ce to mene ne lokacin? Su ce abin da agogo ke nunawa. Sai ya bar su su yi ta zagaye har su gaji. Daga nan ya gaya musu cewa masana sun ƙware wajen awo, har sakan ɗaya sun ɗaure shi da kaɗawar wata ƙwayar zarra wadda ba ta saurin gudu, ba ta jinkiri. Amma, in ji shi, wannan mudu ne kawai, kuma sanin mudu daban, sanin gero daban.

Ni ma ban tsira ba. Wata rana muna shan fura a gindin dalbejiyar makaranta, ya jira na gama damawa, sannan ya ce in raba masa nonon daga furar, kowanne ya koma yadda yake. Na ce wannan ai aikin banza ne. Ya ce a nan kaɗai ya ga inda lokaci ya nuna gabansa da bayansa: abu yana gaurayuwa da kansa, amma ba ya warwarewa da kansa. Na ce masa mu a littattafanmu mun daɗe da sanin jiya ba ta dawowa. Ya ce ya yarda, dalilin ne yake nema.

Wannan neman dalili ya kusa raba shi da aikinsa a azumin farko bayan an ƙaddamar da Shari'a. Wanda bai ga lokacin ba zai yi wuya ya gane yadda zukata suke. Mutane na murna ƙwarai, kuma kowa kunnensa a buɗe yake ga duk maganar da ta yi kama da raina addini. A cikin wannan hali Malam Sambo ya koya wa ajinsa cewa ranar da muke gani a sama, haskenta ya baro ta tun wajen minti takwas da suka wuce. Ɗalibai suka kai maganar gida. Kafin Juma'a ta zagayo, ta zama wai malamin fiziks ya ce lokacin buɗe-baki ba daidai ba ne. A kasuwar Shinkafi kuma aka ji ta a matsayin wai ya ce babu lokutan salla.

Wasu iyaye suka zo makaranta suna neman a kore shi. Shugaban makaranta ya ce ya zauna gida har ƙura ta lafa. A masallaci na ga mutumin da suka saba gaisawa ya matsa daga kusa da shi a sahu. Da na shiga wurin Malam Sambo na tarar matarsa ta fara ɗaure kaya.

Na je na roƙi limamin unguwarmu, wani dattijo da ya yi karatu tare da mahaifina, ya saurare shi a gaban jama'a. Aka taru a zaurensa bayan la'asar, har waje.

"Malam Sambo, mi kac ce ma yaran ga?" in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, ce musu niy yi haske tahiya shikai. Rana na da nisa, sai haskenta ya ɗan jima bisa hanya kahin shi iso muna."

Liman ya ce, "To kai, in ka ga ta faɗi da idonka, mi kaka yi?"

"Dabino nika ɗauka, Malam."

Zauren ya ɗan saki. Liman ya bayyana wa mutane cewa abin da aka ɗora mana shi ne faɗuwar ranar da ido ke gani, kuma tafiyar haske ikon Allah ce da ba ta taɓa azumin kowa ba. Har an fara gyara zama za a tashi, sai ya sake juyowa ya ce, "Shi lokacin da kaka karantarwa, mine ne shi?"

Na san abokina yana da amsoshin littafi da zai iya jerowa ya fita kunya. Sai ya ce, "Ban sani ba, Malam. Awonai kawai na iya."

Liman ya dubi iyayen ya ce, "Mutumin da ka iya faɗin haka gaban jama'a, ba shi yi ma ɗiyanku ƙarya. Ku bar mashi su."

Malam Sambo ya koma aji bayan ƙaramar salla. Abin ya yi masa ciwo, na sani, don ya daina zaman hira a bakin tasha. Amma darasin hasken rana bai taɓa tsallake shi ba.

Shekaru kaɗan bayan haka ciwon hanta ya kwantar da shi, aka mai da shi gida. Zuwana na ƙarshe na same shi a rumfa, ana yayyafi. Ya ce mini, "Tukur, wunin mai jinya tsawo gare shi. Agogo bai san wannan ba." Muka yi magana a kan gonarsa da jarabawar ɗalibansa, na yi masa sallama.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wayar da ke aljihun kowa za ta faranta masa rai, don agogonta daga taurarin ɗan'adam ake daidaita shi, kuma ya daɗe yana gaya mini cewa agogon da ke can sama da na ƙasa ba sa tafiya daidai. Amma da ya nemi hanyar garinsu, murnar za ta koma ciki. Na yi shekaru ban iya kai wa kabarinsa ziyara ba. Danginsa sun watse, an kwashe shanunsu, kuma a inda suka yi gudun hijira ana yi musu kallon zargi. Mutanen Zurmi da Shinkafi yanzu lokaci biyu suka sani, kafin tashin hankali da bayansa. Ban san wane awo zai kawo wa wannan ba.

Bai bar gida a birni ba, bai rubuta littafi ba. Ya bar ɗalibai da ba sa jin kunyar tambaya, ya kuma bar Asma'u, autarsa, wadda ke goye ranar da ya rasu. Yanzu ita ke koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Watan jiya ta zo gaishe ni, ta ce ta ji labarinsa wurin mutane da yawa, amma ba wanda ya iya gaya mata yadda dariyarsa take. Na gwada kwatantawa na kasa. Sai na shiga ba ta labarin ranar da ya faɗo daga kan keke a gaban ɗalibai, ya miƙe ya ce musu su rubuta, darasin faɗuwa ke nan. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, sautin na fita ta hanci kaɗan-kaɗan.

Na ce, "Asma'u, kin ji ta nan."

Allah Ya haskaka makwancinka, Sambo, Ya dawo da zaman lafiya garin da kake kwance.