Shinkafar Leda a Bakin Ruwan Makango

Jama'a, yau busasshiyar shinkafa ta fitar da mu kunya!

Jirgin ruwan da zai tsallaka da mu zuwa Yeji ya lalace. Magariba ta riske mu a Makango da azumi a baki, masu abinci duk sun tashi. Sai na tuna da ledar busasshen abincin da yayana soja ya ba ni tun bara. Wani mai shayi da bai tashi ba ya zuba mata ruwan zafi. Kafin mu idar da salla ta kumbura, ƙamshi ya tashi.

Wani malami ɗan Yendi ya riƙe hannuna. "Ɗana, wa ya yanka naman da ke ciki?"

Na tona da cokali. "Malam, ai wake ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ba a yanka wake. Miƙo cokalin."

Da ita muka sha ruwa, kuma Malam ne ya suɗe ledar.