Baba Ya Fuskanci Yamma

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni da yayata muka ɗauko Baba daga Kano zuwa ƙasar Turawa muka dinga karɓa-karɓa da shi, wata guda a wurina a unguwar Moss Side, wata guda a wurinta a unguwar Sparkhill can birnin Birmingham. Ko'ina zama ya gagare shi. Ya leƙa taga, ya koma kujera, ya sake miƙewa. A unguwarmu ta Kano shi ke hawa soro duban jinjirin wata, nan kuwa sai dai saƙo ya shigo waya a ce gobe azumi. Kullum ƙorafinsa wai ƙasar nan ba ta da sama, murfin tukunya kawai aka kifa mana. Ni kuma tsorona ɗaya, kada ya ce zai koma gidan da babu mai ba shi ko ruwa.

Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan wani haske mai launi da kan bayyana da dare a sararin samaniyar arewa. Na ce in ya gan shi, ƙila ya yarda mu ma muna da abin kallo. Na zaunar da shi na yi ta bayani: rana ce ke watso wasu ƙananan ƙwayoyi, maganaɗisun duniya ya ja su can ƙuryar arewa, su yi karo da iskar da ke ƙololuwar sama, sai ta kama haske, kore ko ja. Ya ce to. Na san "to" ɗin Baba, ba yarda ba ce.

Mun sha fita a banza, gajimare ya kore mu. Sai wata rana cikin kaka, na ɗauko shi daga Birmingham bayan isha'i, muna tsakiyar hanya wayata ta hau ƙara, masu bibiyar hasken suna cewa yau akwai shi sosai. Na sauka daga babban titi, na bi ƙauyuka har fitilun gari suka ɓace, na tsaya bakin wata gona. Na kashe mota muka fito, na ce mu jira ido ya saba da duhu.

Ni da gajen haƙuri, na ɗaga waya, don ta fi ido kama launi. Sai ga ja shimfiɗe a allon. Na waiga in nuna masa, ashe Baba ya ba abin kafaɗa, ya goya hannu a baya, ya fuskanci yamma yadda ya saba tsayawa a soro. Haushi ya kama ni. Na dafa shi na juya shi, a nan na ji yadda kafaɗunsa suka rame.

Ya daɗe yana kallo. Can jan ya ƙaru har ido ya kama shi, kamar ruwan lalle. Na ji yana tasbihi a hankali, daɗi ya cika ni, na ce shi ke nan na ci nasara.

Sai da muka koma mota ya yi magana.

"Na gani, uwata, Allah ya yi miki albarka. Amma ko taurarin ba inda na bar su suke ba. Ki nema min jirgi kafin watan azumi ya tsaya."

Na kunna mota, na kasa tuna ta inda muka shigo.