Shekarar da baurin inabi ya bar bakina

Shekarun baya, kafin in koma sayar da caja da jakar waya a kasuwar Gudu, na yi aiki a wani gidan abinci na 'yan Italiya a Wuse, cikin Abuja. Daga Filato na zo, ɗan coci, abin da na sani game da giya bai wuce burkutun da kawuna yake sha ranar kasuwa ba. Aikina ɗaukar faranti ne.

Mai gidan dattijo ne Ba'italiye da ya daɗe yana aikin hanya a Arewa, har ya iya Hausa irin tasa, mai mayar da mace namiji a magana. Wata rana da hantsi, kafin a buɗe, ya ga ina goge kofuna ina sansana su, ya kira ni. Ya zuba wata jar giyar inabi kaɗan, ya ce in kurɓa.

Na kurɓa, na tofar a tire. Na ce, “Oga, wannan ta lalace. Ba zaƙi ko kaɗan.”

Ya yi dariya har da tari. “Ba ta lalace ba, ɗana. Haka take. Mu muna ce mata busasshiya, don ba a bar sukari a cikinta ba. Sake kurɓa, ka riƙe a baki, ka faɗa mini me ka ji.”

Na riƙe. Da farko tsami ne, kamar zoɓon da ba a sa wa sukari ba. Sai bauri ya biyo baya ya kama dasashina, irin na ɗanyar kanya. Da na haɗiye, wani ɗan ɗaci ya zauna a maƙogwaro, ga ƙanshi yana tasowa ta hanci, kamar sabuwar tukunyar ƙasa ta Ushafa da aka zuba wa ruwa. Haka na faɗa masa, ina jin kunya. Ya daina dariya, ya dube ni, ya ce daga ranar na bar ɗaukar faranti.

Shi ya koya mini sauran. Ya nuna mini cewa baurin nan shi ke wanke maiƙon nama daga baki, shi ya sa ake shan ta da abinci, ba don buguwa ba. Ya koya mini gane wadda ta yi ƙuruciya, baurinta na cizo, da wadda ta kwana biyu a kwalba ta yi laushi. Na kai inda kwalba na buɗewa zan san ko toshiyarta ta ɓata ta. Baƙi suka fara nemana da kansu. Ni da ban taɓa wuce Lakwaja ba, ina tsaye da farar riga ina ba mutane labarin tuddan ƙasar da ban gani ba. Mahaifiyata ba ta taɓa yarda da aikin ba. Takan ce, “Duk sunan da ka ba ta, giya ce.” Amma matata ta ga yadda nake dawowa gida, ta ce ba ta taɓa ganin na so wani abu haka ba.

Sai oga ya ce zai tura ni wurin ɗan'uwansa mai gonar inabi a Italiya, in yi kaka ɗaya a can, in dawo in riƙe masa ɓangaren giya gaba ɗaya. Na yi fasfo. Ana cikin haka annobar korona ta shigo, aka rufe gari, ni ma na kwanta.

Zazzaɓin bai daɗe ba. Ranar da na tashi, matata tana soya albasa a gabana, ina ganin hayaƙi, ban ji ƙanshin komai ba. Na ɗauki sabulu na sansana, shiru. Na tauna citta, sai zafi kawai. Likita ya ce yawanci jin ƙanshin yana dawowa, in yi haƙuri.

Da aka buɗe gari na koma aiki, na faɗa wa oga gaskiya. Ya ce zai jira. Kullum da safe sai ya zuba mini kaɗan ya tsaya yana kallon fuskata. “Yau fa?” Sai in girgiza kai. Ruwa ne kawai mai kama baki. Watanni muka yi a haka, har na fara tsoron safiya.

Daga baya hancin ya buɗe, na yi murna har na je coci na ba da shaida. Ashe a karkace ya dawo. Albasa ta koma warin kwata, nama kamar tsohon ƙarfe. Ranar da oga ya buɗe irin kwalbar da ya fara ba ni, na kai hanci, sai warin ƙonanniyar taya ya doke ni. Na fita bayan kicin na yi amai. Da na dawo yana nan tsaye da kofin a hannu.

Ya ce, “Ka zauna a wurin karɓar baƙi. Ba sai ka taɓa kwalba ba.”

Na gwada. Amma ɗakin cin abincin gaba ɗaya warin nan yake mini, ga sabon ma'aikacin da aka ɗauka a gurbina yana faɗa wa baƙi kalmomin da ni na koya masa. Wata rana na ninke farar rigar na kai wa oga. Bai roƙe ni ba. Ya riƙe hannuna ya ce, “Ban taɓa samun hanci irin naka ba a ƙasar nan.” Bayan shekara ya sayar da gidan ya koma ƙasarsu, daga baya na ji labarin rasuwarsa a bakin tsohon mai dafa abincinmu.

Yanzu warin ya ragu, ina cin tuwo ina ƙoshi, kuma mutane suna cewa in gode wa Allah da rai, ina kuma godewa. Sai dai ban koyi wani darasi da zan ba ku ba. Abu ɗaya na taɓa iyawa fiye da kowa a kusa da ni, ya zo ba da neman kaina ba, ya tafi ba da laifina ba. Abin da ya fi damuna shi ne ko tunawar ma ta fara gushewa. Da can idan na rufe ido ina iya kiran ɗanɗanon ya zo. A Kirsimetin da ya wuce ƙanena ya kawo kwalba, ya miƙo mini kofi a gaban mutane, ya ce, “Yaya, kai ne gwani, faɗa mana mai kyau ce?” Na kurɓa, na jujjuya a baki yadda aka koya mini, kowa yana jira. Na ajiye kofin na ce masa ya tambayi wani.