Yana Layi

Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da rabin nahawun da na ci abinci da shi a aji, amma ranar da aka rubuta Bappana cikin matattu yana zaune da ransa, wannan kam sai dai mu shiga kabari tare.

Bappa ƙanen mahaifina ne, tsohon soja. Ya dawo daga fagen fama da hannu biyu da ƙafa biyu, mutane suka ce ya yi sa'a. Kunnuwansa ya baro can. Igwa ta tashi kusa da shi, tun daga ranar ko tsawa aka yi sai dai ya ga walƙiya. Ya nemi haƙƙin nakasa don ya sayi na'urar nan da ake maƙalawa a kunne. Burinsa bai wuce ya ji kiran salla da kansa ba, a daina taɓa masa kafaɗa. Aka ce takardunsa suna Abuja, ana dubawa. Ana dubawa na gama makarantar horon malamai, ana dubawa na yi aure, ana dubawa har ɗana na fari ya iya yi mini gardama.

Duk ƙarshen wata irinsu sukan taru a wani tsohon zaure a unguwar Sarkin Dawaki, su ji ko akwai labari. Ban taɓa binsa ba sai wata damina da aka ce wani jami'i zai zo da sakamako. Bappa, wanda kurumta ta mayar mutum marar magana, ya ja hannuna ya nuna kunnensa. Na gane an ɗauke ni aikin kunne, ba albashi.

Hadari ya haɗu tun hantsi, zauren ya yi duhu. A ƙofa wani dattijo ɗan garin Kona mai hannu ɗaya, wanda kowa ke ce wa Saje, ya tare ni.

"Malam, ka taɓa riƙe bindiga?"

Na ce alli kawai. Ya ce, "To farar hula a baya, tare da mata."

Daga baya na ƙare wa wurin kallo. Kowa na zaune bisa tsarin shigar da takardarsa, amma bencinan ba mutane kaɗai suke ɗauke da su ba. Nan dattijo, kusa da shi hular soja a ajiye. Can sanda an jingina ta, can takalmi ƙafa ɗaya. An bar wa kowane abu fili daidai zaman mutum, babu mai matsa shi. Na tambayi wata tsohuwa da ke gefena, wadda ta taho tun daga Iware.

"Masu shi sun mutu," in ji ta. "Amma ba a faɗi. In an faɗi su rufe fayil, mace ta fara daga farko. Ga hulan mijina can. Shi ma yana layi."

Haka al'adarsu take. In an kira sunan mai rai ya ce, "Ga ni, sa!" In an kira na mamaci, na kusa da kayansa ya ce, "Yana layi." Ni da na ƙare ƙuruciyata ina kama ɗalibai masu amsa wa abokansu suna, ban taɓa jin an yi abin da natsuwa irin wannan ba.

Jami'in matashi ne mai ladabi. Ya ce zai kira waɗanda aka amince wa. Ruwa ya sauko a kan kwano, jami'in ya ɗaga murya. Suna na farko: "Yana layi." Na gaba: "Yana layi." Haka ya yi ta kira, muryoyi na fitowa daga duhu, babu mai tashi. Ya ajiye takardar.

"Baba Saje, wane layi ne wannan? Ni ban ga kowa a waje ba."

Saje ya dubi hular da ke kusa da shi, jami'in ya bi idonsa, sannan ya bi sauran bencinan ɗaya bayan ɗaya. Daga nan duk wanda aka ce yana layi, sai jami'in ya sunkuya ya rubuta marigayi.

Ana haka ya kira sunan Bappa. Ruwan ya danne rabin sunan, kafin in tabbatar na ji wata murya ta ce, "Yana layi." Biro ya sauka.

Na miƙe ina ture ƙafafun mata. "Yallaɓai, dakata, ga shi nan zaune!" Na kai gare shi na taɓa kafaɗarsa. Bappa ya ga duk idanu a kansa, ya miƙe tsaye cak, ya sara, ya ce da muryar kurma wadda ba ta san girmanta ba, "Ga ni, sa!"

Wanda ya amsa masa maƙwabcinsa ne a benci, wani tsoho da nakiya ta cinye wa ido biyu. Da jin muryar ya zabura gefe har sandarsa ta faɗi. Ya miƙa hannu, ya lalubi gwiwar Bappa, ya lalubi fuskarsa.

"Ashe kana da rai?" in ji shi. "Tun da aka zaunar da ni a nan ban taɓa jin ka amsa ba. Ni nake amsa maka. Har addu'a nake maka."

Na ce, "Baba, mutum na gefenka duk wata, ba ka jin motsinsa?"

"Ina jin numfashi," ya ce. "A ɗaya gefen ma wani lokaci ina ji. Nan wurin ba a tambaya."

Na dubi ɗaya gefen. Takalmi ne.

Saje ya share gumi da hannunsa ɗaya. "Malam, kada ka ga laifinsa. Mu ma masu ido mun daina rarrabewa."

Jami'in ya soke abin da ya rubuta, ya sa Bappa ya dangwala yatsa, ya kuma riƙe wuyan hannunsa ya ɗan jima, kamar likita. Kuɗin ya fito bayan kaka. Bappa ya sayi na'urarsa, ya ji kiran salla, ya kuma yi ƙorafin cewa ladanin unguwarmu ba shi da murya. Sunan makahon kuwa bai fito ba. Don haka Bappa bai daina zuwa zauren ba. Yakan zauna kusa da shi ya yi ta zuba, labarin bariki, tsadar masara, komai da komai, har Saje ya tsawatar.

Abin da na koya shi ne, dogon jira yakan binne mutum tun kafin a haƙa masa rami, kuma waɗanda suke jira tare da shi su ne masu zuba ƙasar ba tare da sun sani ba. In kana da wani da aka ce wa ana dubawa, kada ka bar shi da shirunsa. Je ka zauna kusa da shi, ka kira sunansa, ka jira har ya amsa da bakinsa.