Mahaucin da Ya Koya wa New Bell Faɗuwa

"Dambe, nake gaya maka! Naushi ɗaya, ɓarawo ya ga kakarsa."

"Kai dai Nuru, ƙauyanci ya yi maka katutu. Kafin ka gama naɗe hannu da igiya ai an cire maka wando. Karate, mon frère. Ƙafa ta fi hannu tsawo."

"Ƙafar da ka koya a gidan bidiyo? Ɗaga ta mu gani, Mahdi, in wandon bai yage ba."

A bayan shagon kafinta suke wannan musun, a filin da muke atisaye a New Bell, unguwarmu a nan Douala, ranar Lahadin da ta wuce. Su biyun ne manyan ɗaliban Baba Badaru. Shi kuwa yana kan benci, ya miƙe ƙafar da gwiwarta ta kumbura, yana jin su. A ranar ya gaya mana ya ajiye koyarwa. Gwiwa ta ƙi. Kafintan kuma ya ce in babu babban da zai tsaya a kan filin, katako zai zuba a wurin. Maimakon ɗayansu ya ce ga ni, sai suka kama faɗan abin da za a koyar.

Ni ban iya musu ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Baba Badaru mahauci ne. Daga sallar asuba yana mahauta. Da hantsi yana kan teburinsa a kasuwa, yana sara, yana korar ƙuda. In an yi la'asar sai ya wanke hannu, ya zo filin, ya jawo buhunan dusar katako daga ƙarƙashin rumfa ya shimfiɗa. Kowane buhu sai ya taka shi da tafin ƙafarsa tukuna, kada a sami ƙusa a ciki. Tun ina goye haka yake yi.

Ɗan dambe ne a da. Daga Garwa ya zo da hannun da ake tsoro, ana ce masa Guduma. A dambe, in jikinka ya taɓa ƙasa an kashe ka, wasa ya ƙare. Don haka ba mai koya maka faɗuwa. Can arewa a kan yashi ake karawa. Nan Douala taɓo ne, ruwa ba ya hutawa. Wata rana ya kai naushi, ƙafa ta zame, ya tokare ƙasa da hannun da ya naɗe. Wuyan hannun ya karye. Abokin karawar ko taɓa shi bai yi ba.

"Ba mutum ya kashe ni ba," haka yakan ce, "ƙasar garin nan ce."

Wani ɗan ƙabilar Bassa mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa shi ya koya masa judo. Baba ya haɗa da kokawar gida, ya buɗe filin nan.

Duk wanda ya zo sabo, faɗuwa zai yi ta yi har ya gaji. "Haɓa a ƙirji! Kar ka tokare! Mirgina!" Bayan faɗuwa, ƙwace hannu daga riƙo. Bayan wannan, gudu a lungu, a kan katakan da aka ɗora bisa lambatu. Naushi sai can baya. Da yawa sun gudu. A unguwa ana mana dariya, wai 'yan makarantar faɗuwa.

In yaro ya tambaye shi wane salon faɗa ya fi don kare kai, shi ma tambaya yake yi. "Ina kake kwana? Wace hanya kake bi? Wa ke jiranka a gida?" In ka amsa sai ya ce, "To wanda ya mayar da kai wurin tsohuwarka da ƙafarka, shi ya fi."

Sai gari ya lalace. Aka yi ville morte, yajin aikin gari duka, shaguna a rufe, taya na ci a kowace mararraba. Ba mu farfaɗo ba aka karya darajar kuɗinmu, sefa. Masu fizge jaka suka cika titi. A lokacin ne ya koya wa matarsa, Inna Sabuwa, faɗuwar, ita kuma ta tara matan unguwa a tsakar gidanta, bisa tsofaffin katifu. Wasu maza sun yi gunaguni. Ba a fasa ba.

Yayata Rahinatu na cikin matan. Tana dawowa daga unguwar Logbaba a kan bensikin, babur ɗin haya, wani ya damƙi jakarta. Igiyar na rataye a kafaɗarta. Ya fizgo ta har ƙasa, babur na gudu. Direban ya ce ya riga ya fara salati. Ita kuwa ta manna haɓa a ƙirji, ta zare hannu daga igiyar, ta mirgina. Ta shigo gida kafaɗa a goge, tana tsine wa ɓarawon, ba don jakar ba, don sabon zanen da ya yage. Innarmu ta tashi ta ɗora tukunya. Ta tuƙa tuwo ta aika gidan Baba.

Abin da ya faru a kasuwa kuwa, kowa ya gani. Wani saurayi ya wawuri cinyar nama, aka tare shi, ya fasa kwalba ya yo kan Baba. Ga wuƙaƙe jere a kan tebur. Bai kalle su ba. Ya goce, ya kama hannun, ya juya ƙugu. Saurayin ya tafi ƙasa, amma tafin Baba na ƙarƙashin ƙeyarsa, ba ta bugi siminti ba. Jama'a suka taso, har wani ya mirgino taya. Baba ya zauna a kan yaron.

"Wanda zai ƙona shi ya fara da ni. Naman nawa ne ko naku?"

A ranar ne aka taka masa gwiwar. Ita ce yau ta zaunar da shi.

Baba, kai ne mai wuƙa a hannu kullum, amma ba a taɓa ganin ka nuna wa ɗan Adam ita ba. Kai ne ka karye sau ɗaya, ka hana unguwa guda karyewa. Guduma da ta zama matashin kai. Ba ka da kofi, ba ka da hoto a jarida. Kana da Rahinatu, tana tafiya da ƙafarta. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya saka wa Inna Sabuwa.

Ku kuma samarin New Bell, har da na Kotto da PK 14 da kuke zuwa kallo, in kuna son kwaikwayonsa ba sai kun yi suna ba. Ku koya wa wani abin da zai kai shi gida.

Ranar Lahadin, da musun ya ishe shi, Baba ya buga sanda a ƙasa.

"Ya isa. Dambe gadona ne, Nuru. Karate ma ba laifi, Mahdi. Ku koyar da wanda kuka ga dama. Amma mai tsayawa a nan sai ya yarda ya yi ta faɗuwa a gaban yara, suna masa dariya, har su iya."

Ya yi tambaya ɗaya. Nuru ya kalli Mahdi, Mahdi ya kalli takalminsa. Kafinta na tsaye a bakin ƙofa, yana auna filin da ido. Baba ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa ya fita, ya bar mana tambayar tasa:

Gobe da la'asar, wa zai shimfiɗa buhunan?